Kada Abuja Ta Cinye Maka Sallah

Ɗana,

Mahaifiyarka ta faɗa mini ka kama aiki a Sakatariyar Tarayya, ka kuma sami ɗaki a Mararaba kafin Allah ya hore na kusa. Na yi murna ƙwarai. Allah ya sa ka shiga a sa'a, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi. Abin da zan gaya maka ba baƙo ba ne a kunnenka, tun kana makarantar allo kake jin sa. Sai dai jin magana a zauren malam daban, riƙe ta a saman benen ma'aikata da ƙarfe biyu na rana daban. Maganar sallah ce.

A Abuja ba a hana kowa sallah. Masallacin Ƙasa yana tsaye a tsakiyar gari tun 1984, da ƙubbarsa mai ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu, Cocin Ƙasa kuma na can tsallake suna kallon juna. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar yin addininsa, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a sarari. Mu da aka kwaso daga Ikko bayan gwamnati ta tare a nan a watan Disambar 1991, mun yi sallah a gindin bishiya da bayan gine-ginen da ba a gama ba, yau kuwa da wuya ka shiga babbar ma'aikata ka rasa inda aka keɓe don sallah. Duk da haka na ga samari da yawa, 'ya'yan gidan mutunci, waɗanda suka zo garin nan da sallarsu cikakkiya, bayan 'yan shekaru sai Juma'a kaɗai ta rage musu. Ba wanda ya ɗaga musu sanda. Abin ya ci su ne yadda gara ke cin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, ciki kuwa an gama da shi.

Da hanya ake farawa. Wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka ko Suleja ya san in bai fito da duku-duku ba, cunkoson Nyanya ko na titin Kubwa zai riƙe shi har rana ta take. Sai zuciya ta ce masa: tafi, ka yi asuba in ka isa. Ya isa rana ta fito, ya yi ta a gurguje a bayan ofis, ko ya ce sai an jima. Da yamma kuma magariba ta riske shi a tsakiyar mota, an matse shi mutum huɗu a baya, yana jin kiran sallah ta taga, ba halin sauka don kada ya rasa mota ya sake biyan wani kuɗin. Ya isa gida a gajiye liƙis, ya haɗa magariba da isha'i, wata rana ma barci ya sace shi da takalmi a ƙafa.

Ka yi asubarka kafin ka hau mota, ko da za ta jawo maka ƙarin rabin sa'a a hanya. In dole ne ka fita kafin alfijir ya keto, to ka fita da alwalarka, ka kuma san masallacin da za ka sauka. Magariba ta fi wuya, domin lokacinta ƙurarre ne. Amma ka buɗe ido a bakin titin nan za ka ga mutanen da suka warware matsalar tun kafin a haife ka. Ana yin kiran sallah, mai facin taya zai ajiye abin aikinsa, mai shayi ya rufe tukunya, mai wankin takalmi ya jingine akwatinsa. Wani ya fasa ledar ruwa da haƙori, ya yi alwala tsaf da leda guda, har ya rage wa na kusa da shi. A shimfiɗa kwali da tsohuwar tabarma a kan jar ƙasa, motoci na hon a bayansu, hayaƙi na tashi. Sai ka ga mutum ya faka babbar mota, ya fito da kwat da lakataye, ya tuɓe takalmi ya shiga sahu a bayan mai facin taya, domin shi ya fi su karatu. Minti bakwai ko takwas an sallame, kowa ya kama gabansa. Mutanen nan ba su fi ka lokaci ba, kuɗin mota kuma ya fi yi musu ciwo a kanka. Sun dai yanke wa kansu hukunci ne tun tuni cewa wannan ba abin ciniki ba ne.

A ofis kuwa, mitin ne babban abokin gwajinka. Za a kira shi ƙarfe goma sha biyu, oga ya shigo ɗaya da rabi, a yi ta magana har huɗu ta gota. Kai ne ƙarami a ɗakin, kai ke riƙe da biro kana rubuta abin da aka tattauna. Ka dubi agogo, ka dubi fuskar darakta, ka dubi wani Musulmi da ya girme ka ka ga bai motsa ba, sai ka ce a ranka to ni wane ne. A nan ne yawancinmu ke faɗuwa, kuma ba tsoron kora ba ne ke kayar da mu. Kunya ce. Kunyar a ce yaron nan ya cika iyayi, ko a ce ustazanci ya yi masa yawa.

Maganin wannan yana cikin makonka na farko, tun ran gini tun ran zane. Ka sami shugabanka a lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a gaban mutane ba, ka gaishe shi da ladabi, ka ce: ranka ya daɗe, ina da sallah biyu da ke faɗowa cikin lokacin aiki, kowacce ba ta wuce minti goma, zan riƙa fita in dawo, kuma aikina ba zai kwana ba saboda su. Shi ke nan. Kada ka yi wa'azi, kada ka ɗaure fuska kamar mai shirin faɗa. Yawancin shugabanni, Musulmi da Kirista, in aka zo musu ta wannan ƙofa ba sa musu. Na yi aiki a ƙarƙashin wani Kirista wanda in mitin ya ja, shi da kansa yake duban agogo ya ce a tashi masu sallah su je su dawo. Na kuma yi aiki a ƙarƙashin wani mai suna irin namu wanda in ka miƙe sai ya bi ka da harara har ƙofa. Saboda haka kada ka yanke wa mutum hukunci da sunansa. Abin da na tabbatar shi ne, wanda aka san shi da sallah tun ranar farko, bayan wata guda ba mai ƙara kallonsa in ya miƙe. Wanda ya ɓoye ta wata shida sannan ya fara fita, shi ake tambaya me ya same shi.

Ka kuma koma wa littattafanka na farko, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, domin yanzu ne za ka ga amfaninsu. Kowace sallah tana da lokacin zaɓi da lokacin larura. Azahar ba dole sai da minti na farko ba. Tana da fili har inuwar abu ta kai tsawonsa. La'asar tana da fili kafin rana ta yi fatsi-fatsi. Wanda ya san wannan ba ya ruɗewa in aiki na gaske ya riƙe shi rabin sa'a, ba kuma ya yaudarar kansa ya bar azahar har rana ta faɗi. Zirga-zirgarka tsakanin Mararaba da cikin gari ba tafiyar ƙasaru ba ce, don a mazhabarmu sai ta kai mil 48. Abin da ya shige maka duhu, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, kada ka ɗauki fatawa daga kowane guntun bidiyo da ya faɗo maka a waya. Sannan ka riƙe alwala. Ka ajiye silifas da 'yar sallaya a durowar teburinka. Rabin sallolin da ake jinkirtawa a ofis, ƙyuyar cire safa da neman buta ce ke jawo su.

Za a tsokane ka. Wani zai kira ka Ustaz da wata irin murya, wani ya ce ko kai za ka fara shiga Aljanna. Akwai liyafar da za a gayyace ka a Maitama ko Wuse 2, wadda za ka ga magariba ta wuce isha'i ta wuce ba wanda ya motsa, in ka tambayi alƙibla a yi dariya. Irin wannan ba ta zubar da jini, amma tana da zafi ga saurayi, ban raina ta ba. In ta same ka, ka tuna da Sayyidina Abubakar.

Lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmi a Makka, ya kama hanyar Habasha. A Barkul Gimad ya haɗu da Ibnu Dagina, shugaban ƙabilar Ƙara, wanda ya ga bai dace mutum irinsa ya bar gari ba: mai taimakon marasa shi, mai sada zumunci, mai karɓar baƙi. Ya dawo da shi ƙarƙashin kariyarsa. Ƙuraishawa suka yarda, amma da sharaɗi: ya yi sallarsa da karatunsa cikin gida, kada a ji, kada a gani. Ya yi haka na wani lokaci. Daga baya ya gina ɗan masallaci a farfajiyar gidansa, yana sallah yana karatu yana kuka, mata da yara suna taruwa suna kallo. Da aka kai ƙara, Ibnu Dagina ya ba shi zaɓi, ko ya koma ciki ko ya mayar masa da kariyarsa. Ya mayar, ya wadatu da ta Allah. Ka lura da abu biyu a labarin nan. Bai zagi kowa ba, bai je ƙofar gidan kowa ya yi musu sallah don tsokana ba. A farfajiyarsa ya tsaya. Kuma wanda ya tsaya masa tun farko ba Musulmi ba ne, halinsa ya gani. Manzon Allah kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sujada a gaban Ka'aba aka ɗora masa mahaifar raƙuma a gadon baya, bai ɗago ba har Nana Faɗima, tana yarinya, ta zo ta cire. In ka auna wannan da dariyar abokin aiki, za ka ga naka mai sauƙi ne.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe, domin ita ce samari masu zafin addini suka fi mantawa. Kada ka bari a zagi sallah saboda kai. Akwai ma'aikacin da zai fita azahar ƙarfe ɗaya, ba a ƙara ganinsa sai uku, ya biya ta wurin mai abinci, ya zauna hira a ƙofar masallaci, talaka kuwa na zaune a benci tun safe da fayil ɗinsa, ya taso tun daga Gwagwalada. In an tambaya a ce ya tafi sallah. Ran Juma'a kuma daga masallaci sai gida. Wannan mutum ya fi kowane mai tsokana cutar da sallah, domin shi ya koya wa shugabanni cewa ita hanyar gudun aiki ce, kuma na bayansa ne ke biyan bashin. Haka wanda goshinsa ya yi baƙi da sujada amma fayil ba ya motsi a teburinsa sai an sa wani abu a ciki. Albashin da kake karɓa amana ce, sa'o'in da aka saya a wurinka na mutane ne. In ka ce minti goma, ya zama goma. Ka riga kowa gama aikinka. Ranar da wani zai kai ƙararka kan fita sallah, aikinka ne zai yi magana kafin ka buɗe baki.

Wani lokaci kuma abin yakan wuce harara ya zama doka, kuma a garin nan an ga haka. A watan Disambar 2017, a Babban Ɗakin Taro na Ƙasa da Ƙasa, aka hana wata ɗaliba mai suna Amasa Firdaus shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta gama Jami'ar Ilori, ta gama makarantar horon lauyoyi, ta ci jarrabawa, ba abin da ya rage sai ta taka ƙofar nan. Ka ɗauki kanka a matsayinta: iyaye sun zo, abokan karatu suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ana ce mata cire kawai na awa biyu ki mayar. Ba ta cire ba, ba ta kuma fasa gilashin kowa ba. Ta koma gida ba rantsuwa. Magana ta bazu a ƙasa, ta kai Majalisar Wakilai, manyan lauyoyi suka zauna suka sake duba ƙa'idarsu, a watan Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Watanni bakwai ta yi asara, waɗanda suka biyo bayanta kuma suka tarar da ƙofa a buɗe. Shari'ar hijabin 'yan makaranta ta Jihar Legas ta fi wannan daɗewa: babbar kotu ta yanke a 2014 ba yadda ɗaliban suka so ba, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2016, sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli a nan Abuja ta tabbatar musu da haƙƙinsu. Ka gaya wa ƙanwarka wannan. Haƙƙi yana da hanyar da ake binsa, da takarda da haƙuri da lauya, kuma mai bin ta yana shirya wa asara kafin ya ga riba.

Wannan ba sabon tafarki ba ne a wurinmu. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin idi na Magami ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba. Ya roƙi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Da Nafata ya hau sarautar Gobir ya hana rawani da lulluɓi, Shehu ya ci gaba da karantarwa a Degel, sai a 1804 da zama ya gagara ya yi hijira zuwa Gudu. Shekarun da ya yi yana karantarwa da haƙuri sun ninka na yaƙi, amma samarinmu na yaƙin suka fi haddacewa.

Akwai wata jarrabawar da zamaninku ya zo da ita, wadda mu ba mu sani ba da ƙuruciya. Tun da bom ya tashi a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014 ya kashe mutum fiye da saba'in, da sauran abubuwan da suka faru kafinsa da bayansa, saurayi mai gemu da ɗangalallen wando yakan ga ana masa wani irin kallo a shingen bincike da ƙofar manyan shaguna. Yana da ciwo a zarge ka da abin da ka fi kowa ƙi. Amma ka yi wa mai tsoro uzuri, wataƙila ya binne wani nasa. Ka buɗe jakarka da fara'a, ka amsa tambaya a natse. Kada kallon ya sa ka bar sahu, kada kuma ya sa ka ƙullaci mutane. Masu kisan nan ba su bar masallaci ba, ba su bar coci ba. Sun kai hari cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011, sun kai hari Babban Masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, inda fiye da mutum ɗari suka rasu. A duka wuraren biyu an wanke jini, mutane sun dawo sun ci gaba da ibada. In maƙwabcinka Kirista ya fita da asubar Lahadi da Littafinsa a hannu, ka san shi ma akwai abin da ya taka kafin ya fita.

Ba na mantawa da labarin Ayuba Sulaimanu Diallo, Bafulatanin Bundu a ƙasar Senegal ta yau, wanda aka kama aka sayar, ya tsinci kansa bawa a gonar taba a Maryland ta Amurka a 1731. Ba ladan, ba liman, ba wanda ke jin harshensa. In lokaci ya yi sai ya bar shanun da yake kiwo ya shiga daji ya yi sallah, wani yaron Bature yana binsa yana watsa masa ƙasa a fuska. Bai bari ba. Daga baya ya sami 'yanci, ya biya ta Ingila inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya koma gida a 1734. Kai kuwa masallaci na ƙasan benenku.

Duk da haka, wata rana za ta kuɓuce maka. Barci zai rinjaye ka, ko ka kasa miƙewa a gaban manya, ka fito kana jin haushin kanka. A ranar ne Shaiɗan ke zuwa da babbar dabararsa, ya ce tunda ta yau ta tafi, bari sai ka natsu ka gyara gaba ɗaya, bayan azumi, bayan aure, bayan ƙarin girma. Kada ka saurare shi. Da ka tuna, tashi ka yi alwala ka rama, ka nemi gafara, ta gaba kuma ka yi ta a kan lokaci. Ka nemi aboki ɗaya a ofis wanda zai ƙwanƙwasa maka tebur in lokaci ya yi, kai ma ka ƙwanƙwasa masa. Ko masinja ne, ko direba, ka riƙe shi da daraja. Ka kuma riƙa roƙon Allah tabbatuwa a cikin sujadarka, domin ba wayonka ne ya sa kake sallah ba, baiwa ce, kuma mai bayarwa ake roƙo ya bar wa mutum.

In Allah ya ja kwana, kai ma za ka zama oga. Za a riƙa miƙewa in ka shigo, kai za ka sa lokacin mitin. Ka dubi agogo kafin ka sa. In zama ya ja, kai ka fara cewa a tashi, don ƙaramin da ke rubutu a ƙarshen tebur ba zai iya faɗa ba. Kada ka kira ma'aikacinka Kirista aiki da safiyar Lahadi in ba larura ta gaske ba. Ran Juma'a kuma, in direba ya sauke ka a ƙofar masallaci, kada ka bar shi a mota yana gadin jaka. Ku nemi wurin fakin tare, ku shiga tare. Mai gadin gidanka ma ka tambaye shi wa ke karɓarsa a bakin get in an yi kiran sallah. In babu, ka samar masa.

Ka gaida mutanen gidan da kake. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka.